Matuƙan da Suka Mutu Ba Su Ga Abokin Gaba Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗurran Koyon Tuƙin Jirgin Yaƙi

Idan ana labarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, hankali yakan tafi ne kan jiragen da aka harbo a sararin Jamus ko a tekun Fasifik. Ba kasafai ake tuna dubban samarin da suka mutu a gonakin Teksas da duwatsun Wels da dazuzzukan Kanada ba, tun ba su kai fagen fama ba. Tambayoyin da ke ƙasa a kansu suke.

Wai mutum nawa ake magana a kai?

Amurka ce ta fi ajiye lissafi mai kyau, don haka da ita za a fara. Daga Disambar 1941 zuwa Agustan 1945, rundunar jiragen sama ta sojan ƙasan Amurka ta yi haɗurra 52,651 a cikin ƙasar kanta, inda babu wanda ke harbin kowa. A cikinsu 6,039 an yi asarar rai. Mutum 14,903 suka mutu, jirage 13,873 suka lalace har ba su gyaruwa. In ka raba wannan da wata 45, za ka ga kusan mutum 11 ke mutuwa kowace rana, har ranar Lahadi. Ba dukansu ne ɗalibai ba, akwai masu kai sababbin jirage daga masana'anta da masu gwaji, amma akasarin tashin da ake yi a cikin gida na horo ne. Kuma wannan lissafi bai haɗa da na sojan ruwa ba.

A Birtaniya, rundunar jiragen jefa bama-bamai ta yi amfani da ma'aikatan jirgi wajen 125,000, ta rasa 55,573. Fiye da 8,000 daga cikinsu haɗari ne ya ci su, ba makamin Jamus ba. A Kanada kuwa, inda aka yaye mutum 131,553 a ƙarƙashin shirin horon haɗin gwiwa da aka sa wa hannu a Otawa ranar 17 ga Disamba 1939, adadin da hukuma ke bayarwa na waɗanda suka mutu wajen koyo shi ne 856.

Da gaske ne a Yaƙin Duniya na Farko waɗanda suka mutu wajen koyo sun fi waɗanda suka mutu a yaƙi?

Wannan magana ta daɗe tana yawo: wai cikin matuƙan Birtaniya 14,166 da suka mutu, 8,000 a makarantar koyo suka mutu. Masana tarihin da suka zauna suka bi sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya sun tarar an yi wa adadin gishiri sosai. Kada ka ɗauke shi.

Amma abin da ya haifi maganar gaskiya ne. A 1916 da farkon 1917 ana tura yaro Faransa da awoyin tashi da ba su taka kara sun karya ba. Malaman da ke koyarwa yawanci matuƙa ne da aka dawo da su daga fagen fama don su huta, jijiyoyinsu sun gama tsinkewa, ba kuma wanda ya koya musu yadda ake koyarwa. Suna tsoron ɗalibansu har suna kiran su da sunan da ake zagin Jamusawa da shi. A sama, malami ba shi da hanyar yi wa ɗalibi magana sai ihu da nuni da hannu. Ga shi ba a ba matuƙan Birtaniya laimar dira ba har yaƙin ya ƙare.

Jiragen ma ba su da sauƙi. Sopwith Camel injinsa gaba ɗaya yake juyawa tare da farfela, sai nauyin juyin ya riƙa fizgar jirgin gefe. Gwani yana cin moriyar wannan wajen saurin juyawa dama, sabon shiga kuwa yana tashi sai ya tsinci kansa a ƙasa.

Wanda ya canza lamarin shi ne Manjo Robert Smith-Barry, a makarantar Gosport a 1917. Da ma ana gargaɗin ɗalibi ne ya guji duk wani abu mai hatsari. Shi kuwa sai ya ce a'a: malami ya kai ɗalibi can sama, ya jefa jirgin cikin katantanwa da gangan, ya nuna masa yadda ake fitar da shi, sannan ya ce saura kai. Ya kuma kawo bututun roba da malami ke magana ta ciki zuwa kunnen ɗalibi. Tsarin koyon tuƙin jirgi na yau, jikan wannan ne.

To me ya sa aka sake yin asara mai yawa haka a yaƙi na biyu, bayan an koyi darasi?

Gaggawa. Sauran dalilai duk 'ya'yanta ne.

Kafin yaƙi, sojan saman Amurka ba su fi mutum dubu ashirin da 'yan kai ba, suna yaye matuƙa 'yan ɗaruruwa a shekara. Zuwa 1944 sun kai mutum miliyan 2.4. Tsakanin 1939 da 1945 sun yaye matuƙa fiye da 193,000. Ina za a samo malaman da za su koyar da wannan taro? Sai aka riƙa ɗaukar wanda ya gama makaranta jiya a ce yau shi ne malami. Makanikai ma haka: yaron da wata shida baya yake noma, yau shi ke ɗaure injin mai ƙarfin doki dubu biyu. An gina filayen jirgi bisa sauri, kusa da juna, jirage rututu a sama ɗaya, galibi ba na'urar da ke nuna wa hasumiya inda kowa yake.

A ganina, bai dace a kira wannan tsautsayi kawai a wuce ba. Manyan hafsoshi suna ganin alƙaluman kowane wata, sun san abin da ke faruwa. Lissafinsu shi ne: in an tsawaita horo za a ceci wasu a gida, amma rundunonin da ke Turai da Fasifik za su rasa masu maye gurbin waɗanda ake harbowa, yaƙi ya ƙara tsawo. Suka zaɓi sauri da idonsu buɗe. Mutum na iya cewa zaɓin ya yi daidai, yana iya cewa bai yi ba, amma dai zaɓi ne.

Wani misali daga Birtaniya: daren 30 ga Mayu 1942, da aka so a tara jirage dubu don kai hari birnin Kolon, jiragen runduna ba su isa ba. Sai aka kwaso kusan kashi ɗaya cikin uku daga makarantun horo, da malamai da ɗaliban da ba su gama ba.

Yaya horon yake, kuma a wane mataki aka fi mutuwa?

A Amurka mataki uku ne kafin a ɗaura wa mutum bajen matuƙi, kowanne awa 60 zuwa 75 na tashi. Farko ƙaramin jirgi mai fiffike biyu, sama da ƙasa, irin su Stearman, wanda aka lulluɓe da yadi. Na biyu BT-13, a nan ake fara tashin dare da tashi a jere. Na uku AT-6 ga masu zuwa jirgin faɗa, ko jirgi mai inji biyu ga masu zuwa na bama-bamai. Birtaniya da Kanada tsarinsu kusan ɗaya ne, da Tiger Moth da Harvard da Oxford da Anson. Wajen mutum huɗu cikin goma a Amurka ba sa kai ƙarshe, ana sallamar su a mayar da su wani aiki. Da yawansu sun yi kuka a lokacin, alhali mai yiwuwa wannan sallama ce ta sa suka ga jikokinsu.

Mutane sukan zaci matakin farko ne ya fi kisa. Ba haka ba ne. A nan ana yawan fasa jirgi, a karya taya, a tuntsura a kan titi, amma jirgin ba shi da nauyi ba shi da gudu, sau da yawa ɗalibi yakan fito yana karkaɗe ƙura. Kisan yana can gaba, lokacin da aka miƙa wa mai awa ɗari biyu ainihin jirgin yaƙi. Jiragen faɗa irin su P-47 da Spitfire kujera ɗaya gare su. Wato ranar farko da za ka tuƙa shi, kai kaɗai ne a ciki: ka karanta littafinsa, malami ya tsaya kan fiffike ya nuna maka maɓallai, ya sauka, shi ke nan. Jirgin bama-bamai kuma in ya faɗi, ba mutum ɗaya yake ɗauka ba, bakwai ne ko goma.

Takamaimai, me ke kayar da su?

Na farko shi ne rage gudu fiye da kima. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bi ta kansa yadda ya kamata. In gudu ya yi ƙasa, ko aka ɗaga hanci da yawa, sai iskar ta saki fiffiken, jirgi ya sunkuya, wani lokaci ya shiga katantanwa. Maganinsa shi ne ka tura hancin ƙasa don gudu ya dawo, abin da zuciyar mai tsoro ba ta yarda da shi, domin ƙasa ce ke tahowa. In abin ya faru can sama akwai lokacin gyara. Amma ya fi faruwa a kwanar ƙarshe kafin sauka, inda babu tazara.

Na biyu dare da gajimare. Abin da ke gaya wa mutum yana tsaye ko ya karkata yana cikin kunnensa ne, kuma a cikin jirgi wannan abu yana yin ƙarya. In ido bai ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba, matuƙi na iya rantsuwa yana tafiya daidai alhali jirgin ya kwanta gefe yana gangarawa. Agogunan gabansa suna faɗa masa gaskiya, jikinsa yana faɗa masa wani abu dabam, kuma sai an daɗe ana horo kafin mutum ya iya ƙaryata jikinsa. A Ingila abin ya fi muni, saboda an kashe fitilun garuruwa don tsoron harin Jamus, ga hazo, ga ƙanƙara da ke daskarewa a fiffike.

Na uku karo a sama. Ranar 11 ga Disamba 1941, John Gillespie Magee, matuƙin Spitfire ɗan shekara 19 wanda ya yi suna da waƙe, yana saukowa ta cikin gajimare a Linkonsha ya yi karo da jirgin koyo samfurin Oxford. Shi da ɗalibin da ke ɗaya jirgin duk suka mutu. Irin wannan ya faru ba adadi, musamman wajen koyon tashi a jere, inda ake son fiffike ya kusa taɓa fiffike.

Sai duwatsu. Ɗalibin duba taswira ya yi kuskuren lissafi kaɗan, matuƙi ya zaci sun wuce tudu ya fara sauka cikin gajimare. Duwatsun Wels da Sikotilan da arewacin Ingila har yau cike suke da tarkacen irin waɗannan jirage.

Akwai mutuwar inji lokacin tashi, wadda ke kashe wanda ya yi ƙoƙarin juyowa filin maimakon ya sauka a abin da ke gabansa. Akwai mantuwa da juya famfon mai daga tankin da ya ƙare zuwa mai cike. Akwai tsinkewar bututun iskar shaƙa a can sama, inda mutum ke suma ba tare da ya ji komai ba.

Sannan akwai ƙuruciya. Ka ba ɗan shekara ashirin jirgi mai gudun kilomita ɗari biyar, garinsu kuma yana kusa. Da yawa sun mutu suna shawagi ƙasa-ƙasa bisa rufin gidan iyayensu ko na budurwa, suka kama wayar lantarki ko reshen itace, wasu a gaban idon waɗanda suka je burgewa. An hana, an yi ta gurfanar da mutane a kotun soja, bai daina ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Akwai jiragen da suka fi sauran cin rai?

Akwai, kuma labarin B-26 Marauder ya fi kowanne nuna yadda abin yake. Fiffikensa gajere ne, don haka dole a tunkari titi da gudun kusan kilomita 240 a awa, abin da ya zarce duk abin da ɗalibai suka saba. Wanda ya ji tsoro ya rage gudu, ya faɗi. In inji ɗaya ya mutu lokacin tashi, jirgin yakan kife nan take a hannun wanda bai ƙware ba. A filin MacDill da ke Tampa a jihar Fulorida, an fasa 15 cikin kwana 30 a 1942. Matuƙa suka laƙaba masa suna mai sa mata takaba. Kwamitin majalisar dattawa da Harry Truman ke shugabanta ya binciki lamarin, har aka yi maganar daina ƙera shi.

Janar Jimmy Doolittle ya sa aka riƙa zagayawa ana nuna wa ɗalibai cewa jirgin na tashi lafiya da inji ɗaya. Aka ƙara wa fiffiken tsawon kusan mita biyu, aka gyara horo. A ƙarshe B-26 ya zama cikin jiragen bama-baman Amurka mafi ƙarancin asara a fagen fama. Ashe rabin matsalar ba ta jirgin ba ce, ta malaman da su kansu ba su san shi ba ce.

B-29 shi kuma injinansa ke kama wuta. Ranar 18 ga Fabrairu 1943 ɗaya daga cikin na gwaji ya faɗa kan masana'antar nama a Siyatil, ya kashe babban matuƙin gwajin Boeing, Edmund Allen, da duk mutanensa da ma'aikata da dama a ƙasa. Halifax na Birtaniya, samfurin farko, jelarsa takan maƙale gefe ɗaya ta jefa shi cikin juyin da ba ya fituwa, sai da aka sake mata fasali. Messerschmitt 109 na Jamus tayoyinsa a matse suke, ya yi ta kifewa da sababbin matuƙa wajen tashi da sauka.

Wani abin takaici a Birtaniya: sababbin jirage fagen fama ake kai su, makarantu kuwa ana ba su tsofaffin Wellington da Whitley da suka gama gajiya. Wanda ya fi kowa ƙarancin sani shi ake ba jirgin da ya fi kowanne lalacewa.

Amma rahotanni ai sun ce yawanci kuskuren matuƙi ne?

Haka suka ce, kuma ba a rasa gaskiya a ciki ba. Sai dai wannan kalma tana da sauƙin rubutawa, tunda wanda ake ɗora wa laifin ba ya nan ballantana ya kare kansa.

Matuƙan B-17, jirgin bama-baman Amurka, sun yi ta sauka lafiya, sannan suna cikin gudu a kan titi sai su naɗe tayoyin jirgin, ya zube da ciki. Kowane rahoto ya ce kuskuren matuƙi. Wani matashin hafsa masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga cikin jirgin ya duba. Sai ya ga maɓallin naɗe tayoyi da na ɗage marfin bayan fiffike iri ɗaya ne sak, suna dab da juna. Matuƙin da ya gaji, idonsa na kan titi, ya miƙa hannu ya taɓa wanda ba shi ba. Aka maƙala wa na tayoyi ɗan ƙaramin taya na roba, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai gane ko a duhu. Wannan nau'in haɗari ya kusa ɓacewa. In ka leƙa gaban jirgin fasinja na yau, sandar tayoyi har yanzu da ɗan taya a kanta.

Takardar dubawa da matuƙa ke karantawa kafin tashi ita ma daga gawa ta fito. Ranar 30 ga Oktoba 1935, jirgin gwajin da ya zama B-17 ya faɗi a filin Wright saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe jela ba. Manjo Ployer Hill da ke tuƙi gwani ne, ba ɗalibi ba. Aka gane jirgi ya kai matsayin da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za ta riƙe komai nasa ba, sai an rubuta.

Me ya hana su dira da laima?

A yaƙi na biyu suna da ita. Amma laima tana son tazara da lokaci, yawancin haɗurran koyo kuwa kusa da ƙasa suke faruwa, cikin 'yan daƙiƙu. Jirgin da ke katantanwa kuma yana manne mutum da kujerarsa.

Jamus da Japan fa?

Nasu ya fi muni, kuma ya riƙa ƙaruwa. Lokacin da aka yi wa sojan Jamus ƙawanya a Stalingrad a ƙarshen 1942, an kwashi malaman makarantun tuƙi da jiragensu don jigilar abinci, da yawa ba su dawo ba. Daga Mayun 1944 ƙawancen Amurka da Birtaniya suka duƙufa kan matatun man Jamus. Mai ya yi ƙaranci har aka kai ga ɗaura wa shanu jirgi su ja shi zuwa bakin titi. Makarantu aka fara yanke wa kaso. Zuwa ƙarshen yaƙi sabon matuƙin Jamus yana isa runduna da ƙasa da rabin awoyin takwaransa na Amurka ko Birtaniya, ya fasa jirgi wajen sauka, a buƙaci wani da gaggawa, a ƙara gajarta horo. Sauri ya haifi nawa. Japan ma ƙarancin mai da rashin malamai ya kai ta inda ba ta iya yaye matuƙin da zai je ya yi faɗa ya dawo, kuma wannan na cikin abin da ya tura ta ga hare-haren ƙunar baƙin wake na kamikaze.

An ce har da mata a cikin waɗanda suka mutu?

Ƙwarai. Ƙungiyar WASP ta Amurka tana da mata matuƙa dubu da ɗari ɗaya ko kusa da haka, yawancinsu an horar da su a Sweetwater ta jihar Teksas. Suna kai jirage daga masana'anta, suna gwada waɗanda aka gyara, suna kuma jan ƙyallen da masu koyon harbi ke harba wa harsashi na gaske. Talatin da takwas suka mutu, 11 wajen koyo, 27 a bakin aiki. Cornelia Fort ta mutu a watan Maris 1943 da wani jirgi ya bugi nata a sama. Hazel Ying Lee, 'yar asalin Sin, ta mutu a Nuwambar 1944, bayan karo wajen sauka a Montana.

Tunda a takarda farar hula ne su, soja ba ya biyan kuɗin kai gawa gida. Abokan aiki ke yin karo-karo. Sai a 1977 aka amince da su a matsayin tsofaffin sojoji. Kuma a 1944, da maza suka fara noƙewa daga B-29 saboda wutar inji, wani hafsa mai suna Paul Tibbets ya koya wa biyu daga cikin waɗannan mata tuƙin jirgin, Dora Dougherty da Dorothea Moorman, ya sa suka zagaya sansanoni da shi don maza su ji kunya.

Mutanen gari fa, abin ya taɓa su?

Ya taɓa. Mafi muni a Ingila shi ne na ƙauyen Freckleton, ranar 23 ga Agusta 1944, ko da yake tashin gwaji ne ba na koyo ba. B-24 na Amurka ya shiga hadari mai tsawa ya faɗa kan makarantar yara. Mutum 61 suka mutu, 38 daga cikinsu yara ne.

Akwai kuma wanda Allah ya kiyaye. Daren 5 ga Yuli 1943, 'yan koyo a cikin B-17 suka ɓata hanya, suka hangi fitilun dandalin garin Boise City a Oklahoma suka zaci filin atisaye ne. Suka sakar masa bama-baman koyo shida, sai da wani ya kashe wutar garin gaba ɗaya. Ba wanda ya ji rauni.

Akwai inda aka yi horo mai hatsari amma aka yi asara kaɗan?

Akwai tafkin Mishigan. Sojan ruwan Amurka suna son koya wa matuƙa sauka kan jirgin ruwa ba tare da fargabar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ba, sai suka sayi tsofaffin jiragen yawon shaƙatawa biyu suka shimfiɗa musu titi a sama, Wolverine da Sable. Matuƙa fiye da 17,000 suka ƙware a nan, har da George Bush babba. Jirage fiye da ɗari suka nutse, amma matuƙa takwas kacal suka mutu, domin kowane lokaci akwai kwale-kwalen ceto a gefe.

Akwatin Link ma ya ceci rayuka: wani ɗan akwati mai siffar jirgi da ke motsi da iska, a rufe ɗalibi a ciki ya koyi bin agogo ba tare da ya bar ƙasa ba. An ƙera fiye da 10,000 lokacin yaƙin. A Wels, likitan soja George Graham ya gaji da ɗauko gawar mutanen da sanyi ya ƙarasa bayan sun tsira daga faɗuwa, ya haɗa tawagar ceto a duwatsu, wadda ta zama hukuma a 1943. Hugh DeHaven kuwa, wanda ya tsira daga karo a sama yana ɗalibi a Teksas a 1917, ya kafa sashen binciken raunukan haɗari a jami'ar Cornell a 1942. Aikinsa na cikin tushen bel ɗin mota da muke ɗaurawa.

Shin wannan labari ya taɓo yankinmu?

Manyan makarantun Birtaniya a Afirka suna kudu ne: Afirka ta Kudu ta yaye wajen 33,000, Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabuwe ta yau, ta yaye dubbai. Mu abin da ya ratsa ta kanmu hanyar jigila ce. Daga Satumbar 1940 ana harhaɗa jirage a Takoradi ta Gana, a taso da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena, a ratsa Darfur zuwa Khartum har Masar. Fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, kuma hazo da guguwar yashi da mutuwar inji sun ci wasu a tsakani.

Akwai kuma Emanuel Peter Thomas, ɗan Legas, wanda ya zama hafsan sojan saman Birtaniya a 1942, na farko daga Afirka ta Yamma. Ya rasu a watan Janairun 1945 da jirginsa ya bugi dutse a kudancin Wels, yana ɗauke da mai koyon aikin rediyo. Ɗalibin ya rayu. Shi kabarinsa na garin Bath.

Sojan saman Najeriya ma suna horar da matuƙa yau a Kaduna da Kano alhali ana fama da 'yan bindiga da Boko Haram. A watan Afrilun 2022 jirgin koyo samfurin Super Mushshak ya faɗi a Kaduna, hafsoshi biyu da ke ciki suka rasu.

Ana lissafa su cikin waɗanda suka mutu a yaƙi? Ina aka binne su?

A ƙasashen renon Ingila, e. Hukumar kula da kaburburan yaƙi tana ɗaukar duk wanda ya mutu yana cikin kaki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947, ko me ya kashe shi, dutsen kabari iri ɗaya. A Amurka kuwa lambar Purple Heart ta wanda abokin gaba ya raunata ce ko ya kashe, don haka iyalan waɗannan ba su samu ba.

A lokacin yaƙin, Birtaniya da ƙasashen renonta ba sa mayar da gawar wanda ya mutu a ƙetare gida, shi ya sa kaburburan suka warwatsu. Ɗaliban Birtaniya 23 suna kwance a Arcadia ta jihar Fulorida, mutanen garin na yi musu taro duk shekara. A maƙabartar Stonefall da ke Harrogate akwai ma'aikatan jirgi kusan dubu, fiye da rabinsu 'yan Kanada. Tarkacen da ke kan duwatsu kuwa, dokar Birtaniya ta 1986 ta hana a tone shi ko a ɗauki wani abu daga ciki sai da izinin ma'aikatar tsaro.